Tafin ƙafa da ciwon ƙoƙon gwiwa: kundin aikin da nake kai

6 ga Janairu, 2025

Tambaya ɗaya zan bi a wannan kundi: shin inda nauyina yake sauka a tafin ƙafa, da yadda nake iya tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tangaɗi, suna da hannu a ciwon da ke damun gwiwata ta hagu? In suna da hannu, har ina ya kai?

Ciwon ba na faɗuwa ba ne, ba kuma na targaɗe ba. A hankali ya shigo bayan na ƙara nisan gudun da nake yi. Yana kewaye ƙoƙon gwiwa, wani lokaci kamar ta bayansa, in aka ce in nuna wurin da yatsa ɗaya ba na iyawa, sai dai in kifa tafin hannu a kai. Saukowa daga bene ta fi hawa zafi, tsugunno ma haka, kuma in na daɗe a zaune gwiwa a lanƙwashe sai in fara neman inda zan miƙe ƙafar. Babu kumburi, gwiwar ba ta kullewa, ba ta kuma ƙwacewa. Likitar fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, da ta duba ni ta jijjiga gaɓar gaba da baya, ta ce jijiyoyin da ke ɗaure da ita lafiyarsu lau. Matsalar tana tsakanin ƙoƙo da ƙashin cinya.

Ƙoƙon yana zaune ne cikin jijiyar tsokar gaban cinya, yana zamewa sama da ƙasa cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya. Duk sanda gwiwa ta lanƙwashe ɗauke da nauyi, tsokar ta ja, sai ƙoƙon ya matsu cikin kwarin. Masu bincike biyu, Reilly da Martens, sun ƙiyasta wannan matsi tun 1972: a tafiya kusan rabin nauyin jiki, a matakala ya haura ninki uku, a tsugunno mai zurfi ya wuce ninki bakwai. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da bene ya zame mini abokin gaba. Ba ni kaɗai ba ne kuma. Wani nazari da Smith da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna kashi 22.7 cikin ɗari na jama'a na fama da wannan ciwo a shekara, matasa kuwa kashi 28.9.

11 ga Janairu

Yau awon farko. Ba mu da tabarmar kwamfuta mai auna matsin tafin ƙafa, don haka da kayan hannu muka yi.

Na tsaya a kan sikeli biyu, ƙafa ɗaya a kowanne, na tsugunna rabi. Nauyin ya gudu dama da kusan kilo 6 ba tare da na sani ba. A tsaye kuwa daidai suke.

Sannan ƙashin nan mai ɗan tudu da ke gefen ciki na ƙafa, ƙasa da idon sawu. Likita ta ɗiga masa alama da biro, ta jingina kati ta ja layi ina zaune, ta sake ja bayan na miƙe. Tazarar layukan biyu ita ce saukar da kwarin tafin ƙafa ke yi in nauyi ya hau. An saba ɗaukar abin da ya wuce milimita 10 a matsayin mai yawa. Tawa ta hagu 9, ta dama 8. Wato a tsaye cak ƙafata ba ta da wani laifin a zo a gani.

Idon sawu ne ya ba mu labari. Na fuskanci bango, dunduniya a ƙasa, na tura gwiwa ta taɓa bango, ina ja da ƙafar baya kaɗan kaɗan har inda dunduniya ta fara ɗagawa. Dama ta kai santimita 11 daga bango, hagu ta tsaya a 6.

Na ƙarshe shi ne saukowa daga mataki mai tsayin santimita 20 da ƙafa ɗaya, waya tana ɗauka daga gaba. Da muka rage saurin bidiyon abin ya fito fili. Dunduniyar dama na gab da taɓa ƙasa sai gwiwar hagu ta karkato ciki, ƙugun dama ya ɗan zube, tsakiyar tafin hagu ya lotsa, ƙananan yatsu huɗu suka ƙanƙame gefen matakin har farcensu ya yi fari. Likita ta tsayar da hoton a nan ta ce, “Malam, dubi nan. Idon sawun ya ƙi ba da hanya ta gaba, sai ƙafar ta nemi hanya ta gefe.”

19 ga Janairu

Karatu na yi wannan makon, kuma abin bai kwanta yadda na so ba.

Bayanin da aka fi yayatawa ya samo asali daga David Tiberio a 1987. A taƙaice: in ƙafa ta kwanta ciki fiye da kima, ko ta daɗe a kwance, ƙashin ƙwauri zai murɗa ciki ya biyo ta. Gwiwa kuwa ba ta miƙewa sosai sai ƙwauri ya juya waje idan aka kwatanta da cinya, don haka sai ƙashin cinya ya ƙara murɗawa ciki don ya cike giɓin. Sakamakon haka gefen waje na ƙoƙon ya fi shan matsi. Bayani ne mai daɗin ji, ana iya zana shi a takarda cikin minti ɗaya. Sai dai Tiberio da kansa a matsayin hasashe ya gabatar da shi, ba abin da ya auna a jikin mutane ba.

Da aka zo awo sai magana ta rabu biyu. A Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Thijs da abokan aikinsa sun auna tafin ƙafar ɗaliban makarantar hafsoshin soja 84 kafin horon mako shida, suka jira su ga wa zai kamu. Mutum 36 suka kamu, kuma a rahoton da ya fito a 2007 waɗannan su ne masu sauke nauyi ta gefen waje na ƙafa, ba ta ciki ba. Kishiyar abin da hasashen ya faɗa ke nan. Ana iya fahimtar hakan: kwanciyar da ƙafa ke yi ciki ita ce hanyar da take shanye bugun ƙasa, ƙafar da ba ta kwantawa sai ta miƙa bugun sama.

A Denmak kuma, Michael Rathleff da abokan aikinsa sun sa masu ciwon su diro daga akwati a 2014, suka ga nauyinsu ya fi karkata gefen ciki idan aka kwatanta da masu lafiya.

To wanne ne gaskiya? A ganina duka biyun, don ba tambaya ɗaya suka amsa ba. Na Beljiyam kafin ciwo aka auna, a tafiya. Na Denmak bayan ciwo ya zauna aka auna, a tsalle. Mai ciwo yana sauya takunsa don ya kare gwiwa, saboda haka abin da aka gani a tafin ƙafarsa yana iya zama ɗan ciwon, ba uban ciwon ba. Kuma tafiya daban, dira daban. Ni kaina shaida ne: a tsaye ƙafata ba ta lotsawa, sai an ɗora mata jiki duka gwiwa a lanƙwashe.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu kallon sawun mutum a jiƙe kan takarda su yanke masa hukunci nan take. Sawun tsaye ba ya faɗin abin da ƙafa za ta yi a mataki na ƙarshe na bene.

28 ga Janairu

An sa mini shimfiɗar takalmi mai tudu a gefen ciki, irin wadda ake sayarwa a shirye. Gwajin mai sauƙi ne: sauka daga mataki babu ita, sannan da ita. Babu ita zafin 5 ne cikin 10, da ita 3. Likita ta ce in bambancin bai bayyana nan take ba, ko shimfiɗar ta takura ƙafa, ba ta ganin amfanin ɗora ta wa mutum.

Ta kuma ja mini kunne kada in ɗauke ta magani na dindindin. Gwajin Natalie Collins da Bill Vicenzino na Jami'ar Queensland a Ostareliya, wanda ya fito a 2008, ya raba mutum 179 gida huɗu. A mako na 6 masu shimfiɗa mai tudu sun fi masu shimfiɗa shafaffiya samun sauƙi. A mako na 52 kowa ya samu sauƙi, babu wani bambancin kirki. Taron masana wannan ciwo da aka yi a Manchester ta Ingila a 2015 da Gold Coast ta Ostareliya a 2017 ma a kan haka ya tsaya: shimfiɗa don rage zafi na gajeren lokaci, motsa tsokar ƙugu da ta cinya shi ne ginshiƙi.

9 ga Fabrairu

Atisayen ya zauna yanzu. Ɗaga ƙafa gefe ina kwance, tafiyar kaguwa da roba a gwiwa, ɗaga ƙugu da ƙafa ɗaya, tsugunno a jikin bango iya inda zafi bai wuce 3 ba. Ga idon sawu kuma, tura gwiwa gaba a jikin bango da miƙe tsokar sha-raɓa, sau ɗaya gwiwa a miƙe, sau ɗaya a lanƙwashe, don tsokoki biyu ne a wurin kuma ta ƙasan ba ta miƙuwa sosai sai gwiwa ta lanƙwashe.

Me ya kawo ƙugu cikin zancen tafin ƙafa? Christopher Powers na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya ɗauki hoton gwiwa da na'urar MRI a 2003 mutum yana tsaye ɗauke da nauyinsa, ya ga cewa a wannan hali ƙashin cinya ne ke juyawa ƙarƙashin ƙoƙo, ba ƙoƙon ne ke gocewa ba. Mai riƙe da ƙashin cinya kuwa tsokar ɗuwawu ce. Na gwada a gaban madubi: ina tsaye da ƙafa ɗaya, in na matse ɗuwawu na juya gwiwa ta kalli yatsa na biyu, kwarin tafin ƙafa yana tashi da kansa ban taɓa shi ba. In na saki, ya koma. Wato murɗawar tana iya saukowa daga sama kamar yadda take iya hawa daga ƙasa.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne mafi ƙanƙanta. Ana so tafin ƙafa ya tsaya kamar kujera mai ƙafa uku: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa. Sai a jawo gindin babban yatsa wajen dunduniya ba tare da an naɗe yatsu ba. Ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da tarin ƙananan tsokoki a ciki, amma na tarar ban san yadda zan ba ko ɗaya umarni ba. In na danna gindin babban yatsa sai gwiwa ta biyo shi ciki. In na mayar da gwiwa sai yatsan ya tashi. Riƙe su biyun tare shi ne aikin gaba ɗaya. A zaune na fara, yanzu a tsaye da ƙafa biyu. Cikin tafin yakan ɗaure mini bayan ɗan lokaci, likita ta ce alama ce ta tsokar da ba ta saba aiki ba.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a buɗe a ƙasa mai tauri, ba ta nuna komai, hagu da dama duk ina wuce daƙiƙa 30. Sai an rufe ido. Jiki da abu uku yake daidaita kansa: gani, da na'urar daidaito da ke cikin kunne, da saƙon da fata da tsoka da gaɓoɓi ke aikawa. Da an cire gani, nauyi ya koma kan na uku. A nan dama ta yi daƙiƙa 24, hagu 9, idon sawun yana karkarwa gefe da gefe, yatsu suna ta neman ƙasa.

21 ga Fabrairu

Ciwo ya tashi. Tafiya mai tsawo a gangara ranar Talata, washegari zafin ya koma 6, har zama a kujera sai da dabara. Da shimfiɗa a takalmin, ƙafar ma ina lura da ita.

Ba a tafin ƙafa gizo ya yi saƙar ba wannan karon, yawan lodin ne. Likitan ƙashi Scott Dye ya daɗe yana cewa kowace gaɓa tana da iyakar nauyi da maimaitawar da za ta ɗauka ba ta fusata ba, kuma in ta fusata iyakar takan tsuke har abin da ke da sauƙi jiya ya zama mai zafi yau. A Kanada, Jean-François Esculier ya raba masu gudu 69 gida uku a gwajin da ya fito a 2018. Duka an koya musu sarrafa lodi da lura da zafi, rukuni na biyu an ƙara masa atisaye, na uku an gyara masa salon gudu. Duka ukun sauƙi iri ɗaya suka samu. Ban ji daɗin karanta wannan ba, ni da nake ta wahala da babban yatsa, amma ba zan ce ƙarya ba ne.

Dokar da muka tsayar: zafi kada ya wuce 3 lokacin aiki, kuma ya koma yadda yake kafin safiya. In bai koma ba, a rage. Gangara an jingine ta tukuna.

6 ga Maris

Na dawo gudu a injin gudu, minti ɗaya gudu minti ɗaya tafiya. Mun ƙirga takuna ya kama 158 a minti, muka ɗaga zuwa 170 da manhajar da ke buga ƙararrawa a kunne, saurin injin bai canja ba. Taku ya gajarta, ƙafa tana sauka kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa ba ta lanƙwashewa da yawa a tsakiyar taku. A Jami'ar Wisconsin, Lenhart da Heiderscheit sun nuna a 2014 cewa ƙarin kashi 10 a yawan taku yana rage matsin ƙoƙo da kashi 14.

Na tambayi likita batun sauka da gaban ƙafa maimakon dunduniya, tunda shi ma yana rage wa gwiwa. Ta ce, “Yana ragewa, Malam, amma nauyin ba ɓacewa yake ba, agara da sha-raɓa yake komawa. Da idon sawunka a haka, kada mu gyara gwiwa mu ɓata agara.” Na bar maganar.

Wani abu da ban zata ba: kunne ya fi ido amfani a nan. In na gaji, ƙarar saukar ƙafar hagu tana canjawa, ta koma fam fam, tun kafin gwiwa ta ce komai. Da na ji haka nake tsayawa.

22 ga Maris

An maimaita awon 11 ga Janairu da na 9 ga Fabrairu. Bango: hagu ta tashi daga 6 zuwa 9. Sikeli biyu: bambancin ya ragu zuwa kilo 2. Ido rufe: hagu daƙiƙa 19. Saukar kwarin tafin ƙafa tana nan a milimita 9, ko gezau. A bidiyon mataki gwiwa tana karkata kaɗan har yanzu, amma yatsu sun daina ƙanƙame gefe.

Mun ƙara gwajin miƙa ƙafa: tsayuwa da ƙafa ɗaya, a tura ɗayar gaba iya inda za ta kai, sannan baya ta ciki, sannan baya ta waje. A miƙawar gaba, tsayuwa kan hagu ta gaza ta dama da santimita 5. Wani mai bincike, Plisky, ya gano a 2006, a tsakanin 'yan ƙwallon kwando na makarantun sakandare a Amurka, cewa bambancin da ya wuce santimita 4 yana tafiya da ƙarin rauni a ƙafa sau biyu da rabi. Raunin ƙafa gaba ɗaya yake nufi, ba ciwon ƙoƙo kaɗai ba, don haka ina amfani da lambar a matsayin abin hari kawai. Miƙawar gaba ma ba daidaito zalla take aunawa ba, tana buƙatar idon sawu mai sakewa da cinya mai ƙarfi da gwiwar da ba ta tsoron lanƙwashewa.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ta juyawa a rai. Daidaitona ya gyaru, ciwo ya ragu, amma wanne ya ja wanne? In na duba abin da na rubuta, zafin ne ya fara sauka, daga ranar da aka sa shimfiɗa, tsayuwa ido rufe kuwa ba ta motsa ba sai bayan makonni. Zafi yana hana tsokar gaban cinya aiki sosai, kuma wani bincike a Melbourne ta Ostareliya a 2002 ya nuna masu wannan ciwo ba sa gane kusurwar da gwiwarsu take kai daidai kamar masu lafiya. Ƙafar da ba ta samun sahihin saƙo daga gwiwa dole ta yi tangaɗi. A jikina dai tangaɗin ya fi kama da abin da ciwon ya haifar. Hakan bai sa zan bar atisayensa ba, don ƙafar da ke tangaɗi tana sauke nauyi yadda ta ga dama a kowane taku, gwiwa ce ke biyan kuɗin.

10 ga Afrilu

Shimfiɗa ta fita daga takalmin yawo, ta rage a na gudu kaɗai. Sauka daga mataki da ita da babu ita yanzu duk zafin 1 ne, wato ta gama aikinta. Na so in san ko akwai irin ƙafar da ta fi dacewa da shimfiɗa. Gwajin Matthews na 2020, wanda aka yi a Ostareliya da Denmak, ya gwada ko masu tsakiyar tafi mai yawan bajewa sun fi amfana da ita a kan atisayen ƙugu. Ba su fi ba. A mako na 12 kusan rabin kowane rukuni ne suka samu sauƙi, ko yaya ƙafarsu take.

Amsar tambayar 6 ga Janairu zuwa yau: tafin ƙafa yana da hannu a wajena, amma ta hanyar idon sawu mai tauri, kuma sai ƙafa ɗaya ta ɗauki jiki duka ko na gaji yake bayyana. Siffar ƙafar ba ta canja ba, ciwon ya ragu duk da haka.

Ba na gaggawar rufe kundin. A bibiyar da Lankhorst ya fitar a 2016, kashi 57 na waɗanda suka amsa ba su warke yadda suke so ba bayan shekara 5 zuwa 8. Atisayen ƙugu da cinya zai ci gaba da ƙarin nauyi, tsugunno da ƙafa ɗaya zai koma kan katifar soso, miƙawar gaba ina so ta sauko ƙasa da santimita 4. Gangara za ta dawo mako mai zuwa, gajera, a tafiya, kuma za mu sake ɗaukar bidiyon mataki bayan gudu maimakon kafinsa, don a ga abin da ƙafar ke yi a gajiye.